Duk Da Rashin Lafiyarta

Ranar sadakar ukun Hajiya Kansila mun zauna bisa tabarmi a ƙofar gidanta tun da hantsi har aka kira azahar. Duk wanda ya zo ya yi addu'a aka shafa, in ya tashi yabonta da kalma guda yake farawa, wato "duk da". Duk da rashin lafiyarta ba ta fashin zaman majalisa. Duk da rashin lafiyarta ta sa an gyara mana famfon tuƙa-tuƙa. Duk da rashin lafiyarta ba a taɓa buga mata ƙofa da tsakar dare ta ƙi buɗewa ba. Liman ya faɗa, mai unguwa ya faɗa, har waɗanda suka yi mata zagon ƙasa lokacin zaɓe sun faɗa. Mu ma mun faɗa, domin Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Sai da dare ya yi, muna zaune muna duba littattafan aikin yara, sannan kalmar ta dawo tana yi mana kai-kawo a zuci. Mu malaman harshe ne, kullum muna gaya wa ɗalibai cewa ƙananan kalmomi su ke ɗauke da nauyin zance. To, me wannan "duk da" ɗin take ɗauke da shi? Me take bayyanawa, me kuma take rufewa?

Ba za mu ambaci sunanta ba, saboda iyalinta ba su ba mu izini ba, kuma mutanen mazaɓarmu ba su bukatar a tuna musu. Ga wanda bai san ta ba, mace ce siririya, mai ɗingishi kaɗan a ƙafar hagu, farin idonta kullum da ɗan ruwan ɗorawa, ba a raba ta da gorar ruwa da rigar sanyi ko da ana zafi. Da ciwon amosanin jini aka haife ta, wanda yanzu kowa ke kira sikila. A ɗakinsu su uku aka haifa da shi, ita kaɗai ta yi tsawon rai, kuma a wancan zamani tsofaffi 'yan wabi suke ce wa irin waɗannan yara, a yi ta yanka kaji da turare ana neman tsari.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan ciwon, domin da yawa daga cikinmu sunansa kawai muka sani. Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce, mai laushi, tana yin kusan kwana 120 tana aiki a jiki. Ta mai amosanin jini kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum mai ciwon yake cikin ƙarancin jini da gajiya. Idan waɗannan ƙwayoyi suka cunkushe a ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa, sai ciwo ya tashi a ƙashi ko ƙirji ko ciki, irin ciwon da babban mutum zai yi ta birgima a ƙasa yana kiran uwarsa. Sanyin hunturu yana tayar da shi, dukan ruwan sama yana tayar da shi, haka ƙishirwa da zazzaɓin cizon sauro da gajiya da ɓacin rai. Gado ne daga uwa da uba. Idan dukkansu biyu AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi a Nijeriya kowace shekara, kuma babu ƙasar da ta kai mu yawan masu shi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024.

Yanzu mai karatu ya ɗauki wannan jiki ya ɗora masa aikin kansila. A takarda, aikin ba shi da tsawo. Kansila wakilin mazaɓa ne a majalisar ƙaramar hukuma, yana cikin masu yin ƙananan dokoki da amincewa da kasafin kuɗi da sa ido a kan shugaban ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ƙananan hukumomi 774, ya kuma ɗora musu kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da magudanan ruwa da rajistar haihuwa da mutuwa, tare da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Wannan a takarda ke nan. A zahiri kuwa, kansila shi ne gwamnatin da talaka yake iya taɓawa da hannu. Gwamna yana bayan katanga, ɗan majalisa yana Abuja, ciyaman ya ƙaura birni. Kansila ne yake kwana a unguwa. Matar da naƙuda ta zo mata da gardama, ƙofarsa za a buga. Yaron da 'yan sanda suka kama, shi za a tasa. Suna, biki, jana'iza, kuɗin makaranta, kuɗin magani, duk a wuyansa, alhali sau da yawa babu abin da ke zuwa hannunsa sai albashi, saboda kuɗin ƙananan hukumomi sun daɗe suna maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jihohi. Sai a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye.

Bugu da ƙari, mace ce. Matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, shekaru da dama bayan 'yan'uwansu na Kudu, kuma sai da irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya suka sha duka da ɗauri a kansa tun zamanin NEPU. Har gobe mace a kujerar kansila abin nuni ce da yatsa a ƙasar Hausa. Lokacin da Hajiya ta fito takara, abu biyu aka yi ta yawo da shi a majalisun shayi: mace ce, kuma ba ta da lafiya. Wani dattijo ma cewa ya yi, a bainar jama'a, kada a zaɓi wadda za a sake zaɓen cike gurbinta kafin shekara. Ta yi zango biyu cif, shi kuwa ya riga ta tafiya. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

To, mu koma ga kalmarmu. Idan muka ce ta yi hidima duk da ciwonta, ma'anar ita ce ciwon wani shinge ne da ta tsallake, da babu shi da hidimar ta fi haka. Mun daɗe muna juya wannan, kuma ba mu gamsu ba. Dalilinmu wani abu ne da ya faru tsakaninmu da ita, wanda har yau in mun tuna sai kunya ta kama mu.

Wata shekara cikin hunturu muna malamin duti a makarantarmu. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu da ta shahara da makara da fashi, in an sa aikin shara sai ta ce ƙafarta. Mun ɗauka lalaci ne irin na yaran yanzu. Ranar nan ta zo bayan an tashi daga taron safe, muka sa ta durƙusa a kan siminti cikin iskar nan mai busar da leɓe, kusan sa'a guda. Washegari ba ta zo ba. Bayan kwana uku sai ga Hajiya Kansila a ofishin malamai. Makarantar sakandare ba ta ƙarƙashin ƙaramar hukuma, ba ta da ikon tuhumarmu da komai, kuma ba ta yi ba. Ta gaishe mu, ta nemi kujera saboda ƙugunta, ta ce, "Malam, yarinyar da ka sa durƙuso tana gadon asibiti ana ƙara mata jini. Na san ba ka sani ba, shi ya sa na zo da kaina ban aiko ba." Muka ce, "Ranki ya daɗe, ai ba ta taɓa gaya mana ba." Ta yi murmushi ta ce, "Ba za ta faɗa ba, Malam. An hana ta a gida, don kada ta rasa mijin aure. Ni ma haka aka hana ni." Daga nan ta roƙi shugaban makaranta a rubuta sunayen yara masu ciwon a asirce, a ɗauke musu aikin ƙarfi da durƙuso, a bar su su shiga aji da gorar ruwa da rigar sanyi, a bar su su fita bayan gida ba tare da dogon bayani ba. Ba a kashe ko kwabo ba a wannan gyara, amma mun shekara da shekaru muna koyarwa babu wanda ya hango shi a cikinmu.

Wa ya hango? Wadda ta taɓa durƙusawa a kan irin wannan siminti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda ta kwana a benci tana jiran a samo mai ba da jini ita ta san amfanin a tara sunayen masu bayarwa tun kafin a bukace su, kuma ta yi haka, a cikin wani littafi mai baƙin bango da take yawo da shi a jaka, kowane suna da rukunin jininsa da unguwarsa. Wadda ta san wahalar hawa babur da ciwon ƙugu ita ta dage sai an cike ramukan hanyar ɗakin shan magani kafin a yi fentin sakatariya. A irin waɗannan wurare "saboda" ta fi "duk da" gaskiya. Ba muna cewa ciwo alheri ba ne da za a yi wa wani fata, don mun san masu ciwon da wahala ta mayar da su masu ɗacin rai, kuma ba mu ga laifinsu ba. Abin da muke cewa shi ne, idan muka cire ciwon daga labarin hidimarta, muka mayar da shi ƙaya kawai da ta taka ta wuce, mun jefar da rabin abin da ya sa ta zama abin da ta zama.

Sai dai fa magana ba ta ƙare a nan ba, kuma abin da ya rage shi ya fi nauyi. Shin daidai ne mai ciwo irin wannan ya karɓi amanar jama'a? Kada mu yi saurin cewa tambayar rashin tausayi ce. Kujera ba ta mai ita ba ce, ta waɗanda suka zaɓe shi ce, kuma suna da haƙƙin a wakilce su a ranar da ake bukata. An yi shekarar da ciwon ƙirji ya kwantar da Hajiya makonni, daidai lokacin da ake zaman kasafin kuɗi. Babu wanda ya tsaya wa kwalbatin bakin kasuwarmu, aka ba wata mazaɓa. Da damina ta zo ruwa ya tare, ya koma cikin gidaje, katangu suka zube, wani tela ya yi asarar kekensa da kayan mutane. Shi wannan tela bai zo da "duk da" a bakinsa ranar ta'aziyya ba. Ya yi addu'a ya tashi. Kuma wa zai ce ba shi da hujja?

Ƙasar nan ta taɓa fuskantar wannan tambaya a sama can. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, mutumin da jama'a da yawa ke tunawa da alheri, ya tafi jinya Saudiyya a ranar 23 ga Nuwamba, 2009 ba tare da an miƙa wa majalisa takardar ba mataimakinsa riƙo ba. Aka shiga wata na uku ƙasa ba ta san halin da shugabanta yake ciki ba, sai jita-jita, har Majalisar Tarayya ta ba Goodluck Jonathan riƙo a ranar 9 ga Fabrairu, 2010. Allah ya yi masa rasuwa a ranar 5 ga Mayu, 2010, kuma a shekarar aka gyara tsarin mulki aka sa wa'adin kwana 21 don kada a maimaita. In mun lura, ba ciwon ne ya jefa ƙasa cikin ruɗani ba, domin ciwo ba ya sallama kafin ya shiga gidan kowa, kuma wanda muka zaɓa da ƙoshin lafiya yau yana iya kwanciya gobe. Rufa-rufar ce ta yi ɓarna, da rashin tanadin wanda zai riƙe. A ganinmu ma'aunin ke nan: mai ciwo yana da damar karɓar amana idan ya faɗi gaskiyar halinsa tun farko, ya kuma shirya abin da za a yi ranar da jiki ya ƙi.

Da wannan ma'auni Hajiya ta ci rabi ta faɗi rabi, kuma ita da kanta ta san haka. Ba ta taɓa ɓoye ciwonta ba, a kan mumbarin kamfe ta faɗa da bakinta, a garin da ake ɓoye shi kamar abin kunya. Amma a zangonta na farko ba ta yi tanadi ba, komai a hannunta yake, ba ta yarda wani ya taya ta ba. Muna zaton irin taurin kan nan ne na wanda aka raina tun yana yaro, aka yi ta ce masa ba zai iya ba, har karɓar taimako ya zame masa kamar amsa laifi. Bayan abin da ya faru da kwalbatin ta tara mutane a ƙofar mai unguwa ta ce laifinta ne, ba ta ce ƙaddara ba. Daga nan ta kafa ɗan kwamiti na mutum biyar, ta kuma ƙulla da kansilan maƙwabciyar mazaɓa cewa in ɗaya ya kwanta ɗaya ya yi magana da bakin biyu. Wannan ba ya cikin abin da aka yaba ranar sadakar uku, don ba ya da daɗin faɗa kamar labarin tashi daga gadon asibiti a tafi taro. A wurinmu kuwa shi ne mafi girman abin da ta yi.

Akwai kuma wata fuska, wadda ba mu hango ba sai da aka nuna mana. Da muka shiga cikin gida yi wa mata gaisuwa, babbar 'yarta, wadda tsohuwar ɗalibarmu ce, ta rako mu har zaure. Muka ce mata ta yi haƙuri, ta yi alfahari, mahaifiyarta ba ta taɓa mayar da kowa ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, kowa haka yake faɗa. Amma duk masu bugo ƙofar nan da daddare sun san ba ta da lafiya. Ban taɓa jin wanda ya ce bari in bar ta ta huta ba." Ba mu sami abin cewa ba. Mun tuna mu ma mun taɓa zuwa mata bayan isha'i, ana yayyafi, a kan maganar takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ta wani ƙanenmu, abin da zai iya jira har Litinin. Ta fito da bargo a kafaɗa, muka ga tana cije leɓe, muka ce sannu, muka ci gaba da bayaninmu.

Hausawa sun ce inda fata ta fi taushi nan ake mayar da jima. Kansilolin da suka gabace ta lafiyayyu ne, ƙarti, amma ba ma zuwa musu da dare don mun san amsar da za mu samu. Ita da ba ta iya cewa a'a, ita muka yi wa lodi. Yanzu da ta tafi muna kiran abin jarumtaka, kuma jarumtakar ce, amma jarumtakar da mu muka tilasta. Ashe "duk da" tana da aiki na biyu, wato wanke masu faɗarta. Tana sa ciwon ya zama abokin gabarta ita kaɗai, mu kuma 'yan kallo masu tafi, alhali muna cikin abin da ya riƙa tayar da shi. Mai yiwuwa wani ya ce ai ita ta zaɓa, babu wanda ya sa mata wuƙa, kuma hana ta aiki da sunan tausayi shi ne rainin da ta tsana. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu da ikon yanke mata yadda za ta kashe kwanakinta. Wataƙila da ta zauna a ɗaki tana lallaɓa jiki da ta ƙara shekaru a lissafin likita, wataƙila kuma da zaman ya fi ciwon cin ta. Amma 'yancinta na bayarwa bai ba mu lasisin karɓa ba iyaka ba. Tsakanin hana ta aiki da ɗora mata komai akwai fili mai faɗi, wanda ake kira taimako, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka taka shi.

'Yan'uwa marubuta, a nan abin ya shafe mu kai tsaye. Mun karanta littattafai da dama, mun kuma rubuta wasu, inda marar lafiya aikinsa biyu ne kacal: ko dai ya kwanta a tausaya masa har ya mutu a babi na ƙarshe don jaruma ta sami kuka, ko kuma ya zama waliyyi mai haƙurin da ba ya ko tsaki. Hajiya ba ta shiga ko ɗaya ba. Tana da faɗa, musamman in ciwo ya kusa tashi. Ta taɓa korar wani ɗan kwangila da kalmomin da ba za su bugu a wannan mujalla ba. Tana son a yabe ta, kamar kowane ɗan siyasa, kuma tana riƙe wanda ya ɓata mata. An riga an fara tuntuɓar wasu daga cikinmu a kan waƙar ta'aziyya da ɗan littafin tarihinta, kuma muna tsoron abin da zai fito, wato mace marar aibi da ba ta gajiya, wadda yarinya mai sikila za ta karanta ta ji cewa in ba ta yi kamarta ba ta gaza. Wannan zalunci ne ga yarinyar, domin ciwon ba iri ɗaya yake kama kowa ba, wata a wata guda sau biyu take kwanciya. Wanda zai rubuta Hajiya ya sa kwalbatin a ciki, ya sa telan, ya sa bargon nan da yayyafi, ya kuma sa mu.

Bayan sadakar arba'in 'yar tata ta zo makaranta ta kawo mana littafin nan mai baƙin bango. Ta ce mahaifiyarta ta bar wasiyya a ba Malam, don shi ne yake da yara masu ciwon a hannunsa. Mun buɗe mun ga sunanmu a shafi na huɗu, da rukunin jininmu, da rubutunta a gefe cewa an kira sau ɗaya, yana aji, bai samu zuwa ba. Littafin yana cikin durowar teburinmu a ofishin malamai. Wasu lambobin sun daina shiga, wasu mutanen sun ƙaura, kuma hunturu ya kusa.